Ƙwan Zabin da Aka Hana Azumi

Ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku, manya da yara. Ba tatsuniya na zo muku da ita ba. Wannan da idona na gani, da hannuna aka yi, kuma shekara hamsin da ɗoriya ba su sanyaya mini ita ba.

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a daminar da ta biyo bayan ƙarewar yaƙin basasa. Gero ya kai ƙugun babban mutum, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ta ƙamshi. Ina durƙushe a cikin gamba a iyakar gonarmu, a ƙauyenmu na ƙasar Bici, da ludayi mai dogon mariƙi a hannuna, ina kwasar ƙwan zabi daga gurbi ina jerawa a ƙwarya. Shekaruna tara a lokacin. A bayana ina goye da ƙanwata Azumi, wadda aka yaye wata uku kafin nan. Sai na ji ta zuro hannu ta ƙarƙashin hammatata tana miƙawa wajen ƙwaryar. Damtsen kamar tsinken tsintsiya, bayan hannun kuwa a kumbure. Ta dafa ƙwai ɗaya, ta kasa ɗagawa. Ni kuma na buge mata hannu, na faɗa mata abin da aka faɗa mini tun ina rarrafe: "Yaro ba ya cin ƙwai, ɓarawo yake zama." Ba ta yi kuka ba. Ta janye hannunta, ta kwantar da kai a gadon bayana. A lokacin ƙarfin kukan ma ya fara ƙare mata.

Zabin na kakarmu ne, Iya Kulu, mahaifiyar Baba, kuma ita ce mai faɗa a ji a cikin gida. Sun fi talatin, in suka taso da safe sai ka ce an watsa tsakuwa a kan kwano don kuka. A wajenmu babu daji. Gona manne take da gona, gida yana hango gida, in ka tsaya a ƙofa ka yi kira gidaje uku za su amsa. Don haka zabi ba su da wurin ɓuya sai gambar da ke raba gonaki, da shingen lalle, da gindin sabara a bakin burtali. Neman gurbinsu shi ne aikina, bayan shara da ɗebo ruwa da kai wa su Baba fura gona. Na kuma iya. Na san in ka ga zabo shi kaɗai a tsaye ya miƙe wuya yana waige-waige, to zabuwarsa tana kusa a kan gurbi. Sai ka laɓe ka jira ta tashi. Ba a sa hannu a gurbin, don an ce in ta ji warin mutum ta bar wurin ke nan. Da ludayi ake ɗauka. Ba kuma a kwashewa duka, ana bar mata uku ko huɗu don ta dawo gobe. Duk wannan ilimin an koya mini shi dalla-dalla. Abu ɗaya ne ba wanda ya koya mini: amfanin abin da nake ɗauka.

A ɗakin Iya akwai wata tsohuwar tukunya mai yashi a gindinta, can ake tara su. Daga nan suke kama hanya. Ƙwarya guda ta tafi gidan mai gari gaisuwar damina. Wata ta tafi wajen liman. Wata a kai wa surukai. Baƙo in ya zo daga birni a dafa masa, ya zauna a zaure yana ɓarewa yana dangwala yaji, mu muna leƙe ta bayan zana. Wasu a sa wa kaza ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe. Ragowar a sayar. Kowa yana da rabo a tukunyar nan, daga mai rawani har kaza, in ban da yaran gidan.

Kada wani ya ce yunwa muke yi. Ba mu kwana da ciki wofi ba. Koko da safe, fura da ruwan tsamiya da rana, tuwon dawa da miyar kuka da yamma, gobe ma haka, jibi ma haka. Waken da ya rage an shuka, gyaɗa tana cikin ƙasa, shanun Fulani sun yi nisa da gonaki, nama sai Sallah. Ciki yana cika tim. Mu manyan yara muna ƙarawa da abin da muka samo, ɗinya da fara da duk abin da muka tsinta, muna 'yar carafke a gindin rimi, muna gaɗa a dandali. Amma yaron da aka cire daga nono, wanda ba shi da ƙafar yawo, abin da aka ɗura masa shi ne nasa. Azumi kuwa koko tsararo ake ɗura mata.

Da kun san ta kafin yaye. Yarinya ce ɓul-ɓul, baƙa mai sheƙi, ta fara tafiya tana bin 'yan tsaki tana faɗuwa tana dariya. Sunana Hanne, ita kuwa "Anne" take cewa. Da Inna, mahaifiyarmu, ta sami ciki, sai aka ce maza a cire yarinyar kafin ta sha nonon ciki. Aka kai ta ɗakin Iya kamar yadda aka saba. Wata bai cika biyu ba ta daina tafiya. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Fatar cinyoyinta ta riƙa saɓulewa kamar yaɓen tsohon bango. Masu zuwa dubiya wasu su ce ai ta riga ta sha ciki, wasu su ce iska ce ta gindin tsamiya. Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, Iya ba ta zauna ba. Ta sayar da tunkiyarta. An yi rubutu, an yi jiƙo, an yi turare, wanzami ya zo ya yi mata tsaga a ƙafa tana kallonsa ba ta ko motsi. Iya ta goya ta, ta yi mata waƙa, ta zubar da hawaye a kanta. Duk wannan a ɗakin da tukunyar ƙwai take, taku biyu daga tabarmar da yarinyar ke kwance.

Ranar Larabar nan da na dawo daga gona, na tarar da Ya Falmata a tsakar gida. Babarbariya ce, danginta sun daɗe da zama a Bici, takan zagayo ƙauyuka da kwando mai ƙaiƙayi tana sayen ƙwai. Tana zaune da ƙwaryar ruwa tana gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya nutse mai kyau, wanda ya taso baragurbi. Da na kwance goyo na ajiye Azumi, sai matar nan ta tsaya da ƙwai a hannu. Ta matso, ta danna ƙafar, ta shafa gashin, ta buɗe mata ido ta duba. Sannan ta ce ta san wannan ciwo, ta yi jinyar jikanta mai irinsa a asibitin birni, kuma abin da aka yi ta ba shi bai wuce madara da ƙwai da kunun gyaɗa ba, har ya tashi. Ta tura kwandonta gefe.

"Iya, yau ba zan saya ba. Ki bar su a gida, kullum a dafa ɗaya a murmushe mata a koko. Maganinta yana ɗakinki."

Iya ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Ta ce ita ta haifi tara ta raini goma sha, ba wanda ya taɓa lasar ƙwai, kuma ba a taɓa kama ɗan gidan nan da kayan wani ba.

"Ciwo na Allah ne, yana zuwa yana tafiya," in ji ta. "Amma halin sata in ya shiga jini, kabari ne kawai ke fitar da shi. Ba a ɗakina za a raini ɓarauniya ba."

Baba yana tsaye a bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Ya Falmata ta juya wajensa ta ce, Malam, kai fa 'yarka ce. Ya sunkuyar da kai ya ce abin da Iya ta faɗa shi ke nan, ya fita. Inna tana surfe a gindin turmi da cikinta. Ba ta ɗago ba. Matar ɗa ba ta sa baki a maganar 'ya'yanta a gaban uwar miji, wannan kunya ce, kuma da kunya ake auna 'yar mutunci. Abin da na lura kawai, taɓaryar ta tsaya a sama ta ɗan jima kafin ta sauko. Ya Falmata ta ɗauki kwandonta wofi ta tafi, tana cewa Allah ya kyauta.

Ni dai maganar ta zauna mini. Washegari da na je gurbi, na ɗauki ɗaya na ƙulle a haɓar zanena. Da yamma ni ke hura wutar tuwo. Da ruwan ya tafasa, kafin a yi talge, na waiga ban ga kowa ba, na sulala ƙwan cikin tukunya. Ina ɗagowa sai ga Inna a kaina da ƙwaryar gari. Ta kalli tukunya, ta kalle ni. Sai ta juya ta ce garin bai yi laushi ba, bari ta sake tankaɗewa. Ta tafi ta yi ta tankaɗe garin da ba abin da ya same shi, har ƙwan ya dahu na tsame. Na ɗauki Azumi na zaga bayan rumbu. Ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, sai da na buga a dutse. Na murmushe gwaiduwar da yatsa na sa mata a baki. Ta tsotsa, ta tsaya, ta sake buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Ta cinye har farin. Na haƙa rami da tsinke na binne ɓawon. Kashegari da na zo hura wuta, na tarar da ɗan gishiri a ƙulle cikin ganye a kan dutsen murhu.

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Ku ji da kyau, kwana goma sha biyu. A na biyar ta daina kawar da kai in an kawo koko. A na takwas ta zauna da kanta ba jingina. Kumburin ƙafa ya fara saki, fatar ta yi yamutsa-yamutsa. A na goma wani ɗan tsako ya wuce ta gabanta, ta bi shi da ido, ta miƙa hannu, ta ce "Anne" da wata 'yar murya kamar daga cikin rijiya. Iya ta yi ta godiya ga Allah, ta ce jiƙon ƙarshen nan shi ne ya karɓe ta, har ta aika wa mai maganin da ƙwarya guda ta ƙwai.

An ce garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Wannan karon tawa wuƙar ta tono. Kaji suka bi bayan rumbu suka baje ramukan nan, ɓawo ya fito fili, ga zane-zanensa ba mai ɓata shi. Iya ta tsinto, ta juya shi a tafin hannu. Tsohuwar da ta shekara sittin da zabi ta san bambancin ɓawon da aka ƙyanƙyashe da wanda aka ɓare. Ta kira ni. Ban yi musu ba, na ce Azumi nake ba, kuma ga shi tana samun sauƙi. Wallahi na zaci in ta ji haka za ta yi murna. Sai ta tara mutanen gida ta ɗaga ɓawon sama ta ce su gani da idonsu: wannan ɗauka kawai take yi ta zama ɓarauniya, ina ga wadda aka ɗura wa? Maganar magabata ba ta faɗuwa ƙasa.

Ku duba wannan lissafi, don Allah. Ni da ban taɓa sa ƙwai a bakina ba, ko lasar yatsa ban yi ba, ni ce hujjar cewa cin ƙwai yana sa sata. Ba ci ne ya sa ni sata ba. Hani ne.

Baba ya karyo tsumagiyar tsamiya. Ban riƙe dukan a zuciya ba, fata ce, ta warke. Abin da na riƙe shi ne, ana dukana ina kallon ƙofar ɗakin Inna, ina jira ta fito ta ce da saninta. Labulen bai motsa ba. Kafin la'asar labari ya zaga ƙauye, 'yan matan da muke gaɗa tare suna ɓoye 'yan kunnensu in na wuce. Aka ce a raba ni da yarinyar kada in ƙarasa lalata ta. Da safe aka ɗora ni a jaki aka kai ni wajen gwaggona, tafiyar rabin yini. Ina fita Azumi tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Iya. Tana zaune, na ce muku, da kanta. Haka na bar ta.

Mako biyar na yi a can. Ranar da aka fara yankan gero aka aiko a mayar da ni gida. Tun daga bakin burtali na hango tabarmi a ƙofar zaure, na san abin da ya faru. An riga an kai ta tun jiya. Aka ce kumburin ne ya dawo, ya hau har fuska, sannan zawo ya biyo. Na shiga na zauna a gindin turmi, ido a bushe. Can sai wasu dangin Baba da suka zo gaisuwa daga birni suka shigo sallama da Iya. Ta share hawaye, ta ce ba za su yi wannan doguwar tafiya su koma hannu rabbana ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da ƙwan zabi, ta ajiye a gabansu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sa ƙafa na shure ƙwaryar. Wasu suka gangara, na bi su ina takawa da dunduniya, ɗaya bayan ɗaya, ga taurin tsiya, ina takawa suna fashewa, gwaiduwa tana malala cikin rairayi. Kaji suka rugo suka rufe wurin suna ci. Kaji an bar su sun ci. Iya ta ɗaga hannu za ta mare ni, sai ga Inna ta fito daga ɗaki, ko mayafi babu, ta shiga tsakaninmu. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gidan nan ba ta dubi uwar mijinta a gaban baƙi ta ce:

"Ni nake ba ta gishirin."

Hannun Iya ya sauka. Inna ta faɗa, wannan kam ba zan musa ba. Amma ta faɗa bayan an mayar da ƙasa.

Sai da na yi aure na haifi na biyu, na kai shi awo, sannan na ji sunan ciwon daga bakin wata malamar asibiti. Ta ce tamowa ce. Ta ce tuwo da koko ƙarfi suke ba mutum, amma ba su isa su gina jikin yaro ba. Sai an haɗa da wake, da gyaɗa, da ganye irin su zogale, da nono, da ɗan kifi ko nama in an samu. Ta ɗaga ƙwai ɗaya ta ce a cikin abin da talaka ke da shi a tsakar gidansa, da wuya a sami wanda ya fi wannan gina tsoka da jini, tunda daga cikinsa ake ƙera tsuntsu sukutum da ƙashi da gashi. Matan wurin suna dariya. Ni na fita waje na zauna a gindin darbejiya, na yi kukan da ban yi ba a ranar tabarmi.

Na san rai na Allah ne. Ban ce ƙwai yana hana ajali ba, kada malamai su kama ni. Amma Allah da ya ajiye ajali shi ya ajiye magani, ya kuma kawo shi har cikin ɗaki, ya aiko da mai faɗa, ya nuna alama kwana goma sha biyu. Me ya rage? Na yi shekaru ina juya maganar nan, ga abin da na gano. Wani ne can a da yake son ƙwai ya ƙyanƙyashe ko ya kai kasuwa, yara kuma suna ɗauka, sai ya ƙirƙiro abin tsoro ya rataya musu. Yaran suka girma da tsoron, suka manta dabara ce, suka mayar da ita gaskiya, har suna iya kallon jikarsu tana narkewa su ce mutunci suke tsare mata. Da ƙiyayya ce ta kashe Azumi da na san inda zan kai ƙara. Ƙauna ce, ƙaunar da ba ta jin magana.

Kuma kada 'yan yanzu su yi mana dariya. Rediyo yana faɗa, asibiti yana faɗa, amma a daminar bara da kunnena na ji wata yarinya mai goyo a maƙwabta tana ce wa ɗanta ƙwai yana sa sata. Wasu kuma sun daina faɗa, sai dai su kwashe ƙwan su sayar, su sayo taliyar leda da ruwan zaƙi mai launi su ɗura wa yaro, wai su wayayyu. Na shiga gidan mai goyon nan na zauna, ban tashi ba sai da aka dafa ƙwai aka ba ɗanta a gabana. Suna ce mini masifaffiyar tsohuwa. Na karɓa.

Iya Kulu ta rasu shekara huɗu bayan nan. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, amma a ciwon ajalinta sunan Azumi take kira, tana cewa a miƙo mata ita ta goya. Baba ya rayu har ya ga jikoki, kuma duk ranar da ya gan ni ina ɓare wa 'ya'yana ƙwai sai ya tashi ya bar wurin. Ya Falmata ba ta sake taka gidanmu ba. Na ji ta rasu a Bici cikin 'ya'ya da jikoki. Cikin da Inna ke ɗauke da shi namiji ne, yana nan da ransa, ni na yaye shi, kun san da me. Inna ta tsufa a hannuna. Da jikinta ya yi rauni likita ya ce a riƙa ba ta ƙwai, na dafa na kai mata, ta kawar da kai ta ce ba zai wuce mata maƙogwaro ba. Haka ta koma ga Allah ba ta ci ba. Na yafe mata, ita ma ta yafe mini. Ni kuwa ga ni, ina da zabina, kuma duk gidan da aka yi yaye a unguwarmu sun san ƙwaryata tana tafe.

Inda aka binne Azumi yanzu ba wanda zai iya nuna maka, ƙananan kaburbura ba sa daɗewa. Gambar iyakar gona ta ragu, an yi gine-gine a burtali, amma zabi suna nan suna kuka in damina ta faɗi. Wani lokaci in na ga tsofaffi biyu 'yan uwan juna sun jero za su gidan suna, suna tafe suna gardama, sai in tsaya in bi su da kallo har su sha kwana.

Da yanzu tare muke tsufa.